Babi na Biyar: Kuɗin Yana Nan, Ƙullin ne Ya Rame

A kasuwannin Madawa, Buza da Keita da dala ake ciniki. Dala ɗaya sefa 5 ce, saboda haka ƙwandalar da aka rubuta wa 25 ita ce dala biyar, mai 50 dala goma, mai 100 dala ashirin, takardar 1,000 kuwa jika. Cefanen yawancin gidajen karkara a kan ƙwandalolin nan uku yake tafiya. Yarinya za ta tsaya gaban mai tebur a Azarori da sassafe, ta ce, "Baba, Inna ta ce a ba ni sukari na dala biyar da mai na dala goma." Ba ta ambaci giram ba, ba ta ambaci lita ba, shi ma bai tambaye ta ba. Kuɗin ta faɗa. Yawan abin da za ta koma da shi gida yana hannun mai tebur.

Tun daren jiya ya gama yanke wannan hukunci. Ya zauna a kan tabarma da fitilar hannu, da kwanon sukari, da cokali, da tarin farar leda da ya yayyanka. Ya ɗebo, ya zuba, ya murɗa bakin ledar, ya ƙulle, ya jefa cikin faranti. A ce da can kilo ɗaya yana ba shi ƙulli 30. Da aka ƙara masa kuɗin buhu a Madawa, sai ya riƙa girgiza cokalin kafin ya zuba, kilo ɗin ya koma ba da ƙulli 36. Kowane ƙulli ya sauko daga giram 33 zuwa kusan 28. Ido ba ya kama wannan bambanci, musamman idan an ɗaure ledar da ɗan iska a ciki. Harshe ne yake kama shi, lokacin da maigida ya kurɓi shayi ya ce yau sukarin bai ji ba.

Me ya hana shi ƙara kuɗi kawai, kowa ya sani? Ƙwandala ce ta hana. Babban bankin BCEAO yana da ƙananan kuɗi na sefa 5 da na 10, amma samunsu a ƙauye wuya gare shi, kuma rigimar canji tana cikin abubuwan da suka fi ɓata ciniki a ƙasar sefa baki ɗaya. Mai tebur da tsadar buhu ta hau masa da kashi 15 cikin ɗari ba shi da hanyar sayar da ƙulli a sefa 29. Daga dala biyar sai dala goma, wato ninki. Idan ya ninka, yarinyar za ta wuce teburin maƙwabcinsa. Idan ya bar komai yadda yake, jarinsa zai narke kafin wata ya mutu. Ƙofa ɗaya ta rage masa, ita ce ya rage abin da ke cikin ledar.

Haka mai ƙosai take yi, haka mai waina, haka mai fura da mai ƙuliƙuli. Kashin tumatir da na tattasai a bakin kasuwa kuɗinsa ɗaya da na bara, amma 'ya'ya biyar sun koma huɗu. Mai gidan burodi yana rage nauyin curin ƙullu, ya bar shi ya ƙara kumbura, tsawon sandar burodin yana nan, cikinta kuwa iska. Abin da ya fara tafiya tun kafin duk waɗannan shi ne gyara, ɗan ƙarin nan da mai sayarwa yake ɗorawa bayan an gama awo don a rabu da fara'a. Tsofaffin mata sun fi kowa lura da ɓacewarta, domin a wurinsu ciniki bai cika ba sai an ce, "Hajiya, ga gyararki."

Kada mai karatu ya ɗauka wannan dabara ta ƙananan 'yan kasuwa ce kaɗai. Manyan kamfanonin duniya sun riga su, kuma su ba su da uzurin ƙwandala. A shekarar 2016 kamfanin da ke yin cakulan Toblerone ya rage wanda ake sayarwa a Ingila daga giram 170 zuwa 150, babban kuma daga 400 zuwa 360. Tsawon kwalin bai canja ba. Tazarar da ke tsakanin tsinin cakulan ɗin aka faɗaɗa. Shekara guda bayan haka hukumar ƙididdiga ta Ingila ta ce ta gano kayayyaki 2,529 da aka rage wa girma tsakanin 2012 da 2017, mafi yawansu abinci da abin sha. Masu nazarin halin masu saye sun daɗe da sanin dalili: mutum yana riƙe farashi a ka, amma da wuya ya riƙe nauyi. Ƙara masa sefa 25 zai ji nan take. Cire masa giram 10 sai a daɗe bai sani ba.

Kayan kamfani da ke isa kantunan Azarori da Bangi da Tamaske yawanci a 'yan ƙananan leda suke zuwa: madarar gari, tumatirin leda, omo, dunƙulen miya, ƙaramin kwalin ganyen shayi. Da yawansu daga Najeriya suke shigowa, ta Illela da Ƙonni ko ta hanyoyin da suka ɓulla Sabon Birni. Wannan salo na sayarwa yana da tarihi. A 1993 aka fara sayar da madarar Cowbell a Najeriya cikin ƙananan leda, lokacin da sauran madarar gari take cikin manyan gwangwanaye da talaka ba ya iya saye. Dabarar ta karɓu, sauran kamfanoni suka bi. Gaskiya ta yi amfani, domin ta kai madara gidan da bai taɓa ganinta ba. Amma tana da farashi ɓoyayye. Mai sayen ƙaramar leda yana biyan kuɗin kowane giram fiye da mai sayen gwangwani, saboda kuɗin ledar da na rarrabawa duk a kansa suke. Kuma ƙaramar leda ta fi komai sauƙin ragewa. Idan aka mayar da ledar tumatir daga giram 70 zuwa 60, aka bar launinta da hotonta da kuɗinta, to an ƙara wa mai saye kusan kashi 17 cikin ɗari ba tare da an ce masa uffan ba. Lambar tana rubuce a gindin ledar da ƙananan baƙaƙe, da Turanci ko Faransanci, a ƙasar da yawancin matan karkara ba su samu damar karatun boko ba.

Tsadar da ta tura kowa cikin wannan hali ba daga kasuwar Madawa ta taso ba. Yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a Fabrairun 2022, a watan Maris ma'aunin farashin abinci na hukumar FAO ya kai inda bai taɓa kaiwa ba, alkama da man girki suka yi tashin gwauron zabo. Indunusiya ta rufe fitar da manja na wasu makonni a Afrilu da Mayun wannan shekara. A ranar 20 ga Yulin 2023 Indiya ta hana fitar da farar shinkafar da ba basmati ba. Kwana shida bayan haka sojoji suka karɓi mulki a Yamai, ranar 30 ga wata kuma ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakar Najeriya da ta Benin. Kayan da suka saba sauka a tashar ruwan Kwatano su hau mota zuwa Gaya suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso, cikin ayarin motoci da rakiyar soja. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a Maris, amma ta Benin ta ci gaba da zama a rufe. A can Najeriya kuma an cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira, dalar Amurka da ake canzawa a hukumance kusan naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Tsadar abinci a can ta wuce kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar wannan shekara. Kamfanin Legas ko Kano da ke shigo da garin madara da alkama daga waje ya shiga matsin da mai teburin Azarori ya shiga, ya kuma fita ta ƙofar da shi ma ya fita.

Duk da haka, asarar da ta fi ciwo a wannan yanki ba a cikin ledar kamfani take ba. Tana cikin tiya.

Tiya ita ce uwar awo a Nijar. Da ita ake sayen gero da dawa da wake da masara, da ita ake biyan bashi, da ita ake lissafin abin da gida zai ci a rana. A ƙa'idar da kowa ya yarda da ita, tiyar gero kusan kilo 2.5 ce, tiya 40 kuma su ne buhun kilo 100. Da wannan lissafi hukumar OPVN take aiki idan gwamnati ta fito da hatsi a farashi mai rangwame lokacin da rumbuna suka yi ƙasa: buhu a jika 13, wato tiya a sefa 325. Sai dai tiya kwano ce ta ƙarfe, babu hatimin kowa a jikinta, kuma babu dokar da ta ce ta Tunfafi da ta Karofan da ta Ibohaman su zama daidai. Hukumar SIMA da ke bin farashin kayan gona a kasuwannin ƙasar sai ta mayar da kuɗin tiya zuwa na kilo kafin ta iya kwatanta wata kasuwa da wata.

Wanda ya tsaya kusa da 'yan awo ranar kasuwa zai ga abubuwa da yawa cikin ɗan lokaci. Ma'auni yana zaune a kan buhu, gero tuli a gabansa. Ya nutsa tiya, ya ɗago, ya tara da tafin hannu har ta yi tozo. Idan shi ke saye daga hannun manomi, yakan kewaye bakin tiyar da hannunsa na hagu, tozon ya ƙara tsawo, kuma duk abin da hannun ya tare ya shiga buhunsa. Idan shi ke sayarwa, hannun yana sauka, tozon ya kwanta, wani lokaci har ya ɗan karkata tiyar kafin ya juye. Akwai wanda ya wuce nan: ya kifa tiyar ya bubbuga gindinta ta lotsa ciki, ko ya sa maƙeri ya rage mata baki. Akwai mai tiya biyu, babba ta shiga ƙauye da kaka, ƙarama ta zaman kasuwa da bazara. Buhun da ya auna 40 wajen saye sai ya ba shi fiye da haka wajen sayarwa, riba a kan riba, tun kafin a yi maganar bambancin farashin kaka da na damina.

A yi lissafi kaɗan. Tiyar da ta sauko daga kilo 2.5 zuwa 2.2 ta rasa giram 300. Gidan da ke cin tiya ɗaya a rana ya rasa kilo 9 a wata, wato abincin kwana uku da rabi, alhali maigida ya biya kuɗin kwana 30 cif. Ba zai ga wannan a aljihunsa ba. Matarsa ce za ta gani a turmi, ta ƙara ruwa a kunu, ta rage malmalar tuwo, ta kuma sha zargin rashin tattali.

Manomin nan da ake tauye wa tiya idan ya zo saye, shi ne kuma ake faɗaɗa wa buhu idan ya zo sayarwa. Fadamun Tarka da Magiya, daga Galmi zuwa Madawa da Sabon Gida, da lambunan Tamaske da Keita, su ne cibiyar albasar Nijar, jar albasar Galmi da ake nema a Abijan, Akara, Kumasi, Lome da Kwatano. Ba da kilo ake sayen ta a bakin gona ba, da buhu ne. Buhun kuwa ba shi da iyaka. Ana cusa albasa har ya cika, a tula wata a sama da bakinsa, a yi masa hula da wani yankin buhu, a ɗinke. Wanda ake kira na kilo 100 yakan kai 120 ko fiye. Fatake suna da dalilinsu: kuɗin mota da yawancin kuɗaɗen da ake karɓa a hanya a kan kowane buhu ake lissafa su, saboda haka duk buhun da ya ƙara ƙiba ya rage musu kashewa. Amma wa ya biya ƙibar? A ce buhun ya kai kilo 130. Manomin da ya sayar da 10 ya ba da kyautar 3, bayan ya sayi iri da taki da man injin ban ruwa, ya kwashe watanni yana tsugune a fadama. Da yake a watannin Maris da Afrilu albasa take cika kasuwa, kuma mai bashi a wuya ba ya iya zuba ta a rudu ya jira farashi ya tashi, ba shi da bakin musu. 'Yan dakon da ke ɗora waɗannan buhuna a mota su ma da gadon bayansu suke biya. Ƙungiyar ANFO ta masu sana'ar albasa da wasu ayyukan raya karkara sun sha kiran a koma ƙananan buhuna masu nauyi sananne, amma babban buhu bai bar kasuwa ba.

Nan ne ya kamata a bambanta masu laifi, domin ba ɗaya suke ba. Mai ƙosai da ta rage girman ƙosanta ba ta ɓoye komai ba. Ga shi nan a faranti, mai saye yana gani, ribarta kuma ba ta wuce abin da za ta ciyar da 'ya'yanta. Mai tebur ma kusan haka yake. Mai tiya biyu kuwa ha'inci yake yi da gangan, kuma ya san sunan abin da yake yi. Kamfanin da ya rage abin da ke ciki ya bar kwali da girmansa na da, don kada a lura, ya fi kusa da mai tiya biyu ko da lauyoyinsa sun nuna cewa sabuwar lamba tana rubuce a gefe. Tsada ba laifin ɗan kasuwa ba ce, kuma ba wanda ya ce ya sayar da asara. Ɓoye ta shi ne laifin.

Ɓoyewar tana da wata illa da ta shafi siyasa. A farkon 2005 gwamnatin Tandja Mamadou ta ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan kayan masarufi irin su fulawa, madara da sukari, har da ruwa da wutar lantarki. Kowa ya ga ƙarin da idonsa. Gamayyar ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa, wadda Nouhou Arzika yake cikin jagororinta, ta fito da dubban mutane kan titunan Yamai a watan Maris, aka yi zaman gida, kasuwanni suka rufe a manyan garuruwa, aka kama shugabannin gamayyar, daga baya gwamnati ta sassauta a watan Afrilu. Ƙarin da aka yi shela ya samu masu tsaya masa. Ragin da ake yi a tiya da leda yana iya kai wannan adadi ko ya kusa, amma ba ranar da aka fara shi, ba takardar da aka sa wa hannu, ba ofishin da za a je a yi ƙorafi. Kowace mace tana ɗauka ita kaɗai abin ya sama.

A wannan shekara ta 2005 ne kuma yunwa ta afka wa ƙasar bayan fari da fara, jihohin Tawa da Maraɗi na cikin inda ta fi tsanani. Tun daga lokacin ƙungiyar likitoci ta MSF ta daɗe tana aikin kula da yara masu tamowa a Madawa da Buza. A irin waɗannan cibiyoyi awo ba wasa ba ne. Ana ɗaura wa yaro ɗan tsiri a damtse, idan ya gaza milimita 115 an shiga ja. Ana rataya shi a sikeli. Abincin gyaɗar da ake ba shi, Plumpy'Nut, wanda kamfanin STA yake haɗawa a Yamai, kowace leda giram 92 ce, kuma da wannan adadi ake lissafa yawan da zai sha a rana gwargwadon nauyinsa. Tamowa tana da dalilai da yawa, daga zazzaɓin cizon sauro zuwa gudawa da rashin ruwa mai tsabta, ba za a ɗora ta a kan tiya kaɗai ba. Amma abin lura ne cewa ana auna abincin yaro da giram bayan ya kwanta, alhali abincin da zai hana shi kwanciya ana sayar wa uwarsa da shi bisa ganin dama.

Mutanen wannan ƙasa ba baƙin awo ba ne. Azarori da Galma mazaunin Abzinawan Kel Gress ne, waɗanda ayarin raƙumansu ya daɗe yana kai gero Faci da Bilma ya dawo da kantun gishiri da dabino. Cinikin musaya ne, kuma ba ya yiwuwa sai ɓangarorin biyu sun yarda da abin da za a auna da shi da yawan awon da zai sayi kantu. A addini ma maganar ba ɓoyayya ba ce. Alƙur'ani yana da sura sukutum, Muɗaffifina, a kan masu cika mudu idan za su karɓa su tauye idan za su bayar, kuma kowane almajiri ya san labarin mutanen Annabi Shu'aibu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta kusa da Galmi a 1754, da ƙanensa Abdullahi sun yi rubutu a kan hukuncin ciniki da aikin hukuma a kasuwa, daular da suka kafa kuma ta san muƙamin muhtasibi, mai duba ma'auni da hana algus. Har yau, idan azumi ya zo ƙarshe, maigidan da bai taɓa tambayar nauyin tiyar kasuwa ba zai aika a aro masa mudun Annabi daga gidan malam, ya auna huɗu-huɗu a kan kowane mutum na gidansa, ya tabbata bai rage ƙwaya ba. Ilmin yana nan, kulawar ma tana nan. Abin da ya rage shi ne a kai su kasuwa sauran watanni goma sha ɗaya.

Wasu ƙasashe sun gwada magani. A Faransa shagunan Carrefour sun fara liƙa takarda a gaban kayan da aka rage a Satumban 2023, daga 1 ga Yulin 2024 kuma doka ta tilasta wa manyan shaguna su sanar da masu saye har tsawon wata biyu duk lokacin da kaya ya ragu kuɗin kilonsa ya hau. Wannan ya dace da mai tura amalanke a cikin babban kanti yana karanta takarda. Misalin da ya fi kusa da gida yana Kwaddibuwa, inda 'yan wannan yanki da yawa suke ci-rani. Da alkama ta yi tsada a Maris 2022, gwamnatin can ta zauna da masu gidajen burodi, aka tsayar da sanda iri biyu: mai giram 174 a sefa 150, da mai giram 232 a sefa 200. Burodin bai ƙara araha ba, amma an faɗi nauyinsa a fili, duk mai shakka yana iya ɗora shi a sikeli ya kama mai gidan burodi da hujja.

Nijar tana da hukumar da aikinta ke nan, ANMC, mai kula da ingancin kaya da ma'aunai. Sai dai hedikwatarta tana Yamai, Madawa kuma tana da nisan kusan kilomita 500 daga can, balle kasuwannin ƙauye da ke ci sau ɗaya a mako a bayan duwatsun Buza da Keita. Jiran ma'aikacinta ya zo ya duba kowace tiya jiran gawon shanu ne. Amma kowace kasuwa tana da sarkin kasuwa, tana da shugaban 'yan awo, tana da ma'aikacin ƙaramar hukuma da ke yankan tikiti a kan kowane buhu da kowace dabba. Hukumar da take iya karɓar kuɗin kasuwa tana iya ajiye sikeli ɗaya a ƙofarta, da tiya ɗaya mai hatimi wadda za a gwada sauran da ita a gaban jama'a. Kuɗin sikelin rataye bai kai na tunkiya ba. Gidajen rediyon karkara da ke karanta farashin gero suna iya ƙara faɗin nauyin tiyar kowace kasuwa. Ƙungiyoyin mata masu adashe suna iya haɗa kuɗi su sayi sukari da mai da sabulu a dunƙule su raba a tsakaninsu, su tsallake kuɗin leda da girgizar cokali. Manoman albasa kuwa ba za su rabu da buhu mai hula ba sai ranar da 'yan fadama ɗaya suka haɗa baki suka ƙi cika shi, domin wanda ya ƙi shi kaɗai zai kwana da albasarsa.

Ba ɗaya daga cikin waɗannan da zai sauko da farashin shinkafa a Indiya ko ya buɗe iyakar da aka rufe. Tsadar za ta zo ko da sikeli ko babu. Amma za ta zo da fuskarta a buɗe, maigida ya san abin da ya saya, matarsa ta huta da zargi, ɗan kasuwa mai gaskiya kuma ya daina yin asara saboda maƙwabcinsa mai lotsattsiyar tiya yana karya masa farashi.

Kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Azarori, Madawa, Buza da Keita, da sarakunan kasuwanninsu, da limaman da ke hawa mumbari ranar Juma'a: kafin kaka mai zuwa, a rataya sikeli a kowace kasuwar hatsi da ta albasa, a buga wa tiya hatimi, a kuma ba kowace mace da kowane manomi damar auna abin da suka saya ko suka sayar ba tare da an karɓi ko dala ɗaya a hannunsu ba.